Alkawarin Sum Tsibiri

Gwiwata ta hagu ce ke fara sanin rani ya shigo, tun kafin masunta su sani. Da iska ta juya ta yi sanyi, sai ta soma yi mini tsiya, don ta san abin da ke gabanta: hawan dutsen da ke bayan ƙauyenmu kullum da safe, kwanon abinci a ka, tsoho a hannu.

Tsohon nan mahaifina ne. Sunansa na baftisma Anastasio, amma duk gaɓar nan ta kudancin Sao Tome, in ba ka ce Sum Tsibiri ba, ba mai nuna maka gidanmu. Sum a yarenmu kamar a ce malam ne, San kuma na mata.

Rani ne lokacin baleya, manyan dabbobin tekun nan masu shaƙar iska kamar mu, waɗanda Fadan cocinmu ke cewa irinsu ne ya haɗiye Annabi Yunusa. Namu baƙaƙe ne masu doro, da dogayen hannuwa farare. Suna zuwa ruwanmu su haihu, su yi ta tsalle suna faɗowa kamar yaran da aka tasa daga makaranta, Turawa kuma su biyo su da kyamara. Ƙanena Osvaldo ya bar kamun kifi ya koma ɗibar baƙi a jirginsa mai inji. Sai dai daga cikin jirgi ba a hangen nesa. Dole a sami mutum a kan dutse yana duba inda feshin numfashi ya tashi, ya buga waya ya ce a nufi can. Aikin Baba ke nan.

Ko in ce aikina. Yanar ido ta daɗe da rufe wa Baba gani, ba ya bambanta teku da sama sai ta ƙamshi. Duk ƙauye an sani, kuma duk ƙauye an rufa masa asiri. Shi zai ɗora madubin hange a fuska ya tsare gida kamar kyaftin, ni ina gefe ina duba ruwa da idon da Allah ya ba ni. In na ga feshi sai in ce a hankali, "Bayan Dutsen Akuya, uwa da ɗa." Shi kuma ya ɗauki waya ya gyara murya.

"Osvaldo, barci kake yi? Ga uwa da ɗa nan bayan Dutsen Akuya, tun ɗazu nake kallonsu."

Tun ɗazu yake kallonsu. Ni kuwa in ci gaba da ɓare masa gasasshiyar ayaba.

Asalin sunan nan tun yana saurayi ne. Ya fita shi kaɗai kamun kifi mai tashi, ya dawo ba kifi ko ɗaya, ya ce wani abu ya taso kusa da kwalekwalensa har ya zaci tsibiri ne. Baleya ce, in ji shi, amma ba irin tamu ba. Shuɗiya ce, kuma tamu mai doro 'yar jaririya ce a gefenta. Mutane suka yi dariya har da riƙe ciki. Suka ce bammin daren jiya ne bai sake shi ba. Daga ranar ya zama Sum Tsibiri. Mahaifiyarmu ta rayu ta mutu ana ce mata San Tsibiri, mu kuma muka tashi yara na yi mana waƙa a hanyar rafi.

Shekarar da muka binne ta, ranar bikin Waliyyi Bitrus, an sauko da mutum-mutumin waliyyin daga kwalekwale ana shirin komawa coci, sai Sum Gervasio ya buɗe baki. Sa'an Baba ne, abokin tsiyarsa tun ƙuruciya, kuma ranar ya ɗan sha.

"Sum Tsibiri, yaushe za ka kai mu tsibirin naka mu dasa koko?"

Baba bai yi dariya ba. Ya ratsa mutane, ya ɗora hannu a ƙafar waliyyin, ya ce duk rani yana kan dutse har sai abin nan ya sake fitowa, kuma ranar da ya fito, ranar zai sauko ba zai ƙara hawa ba. Alkawarin da aka yi da hannu a ƙafar waliyyi ba a wasa da shi a wajenmu. Mata suka yi alamar gicciye. Ni na yi tsaki a raina, ban san wuyana aka ɗaure ba.

Mijina Belmiro ya sami aikin tuƙi a tashar jiragen ruwa ta birni, ya kama mana ɗaki. Na ce Baba ya zo mu tafi, a can ma sai a cire masa yanar nan. Ya ce likita zai ɗaure masa ido a hana shi hawan dutse, to in abin ya zo yana kwance fa? Na ce ya zauna wurin Osvaldo. Matar Osvaldo ta ce ita da hawan dutse sai dai a lahira. Rani ya wuce, damina ta zo, na ce to yanzu fa? Ya ce wa zai kula da kaji, wa zai share kabarin uwarku, bari dai mu ga ranin baɗi. Haka rani ya bi rani.

Belmiro na kira da tsakar rana, lokacin hutunsa.

"Idalina, ɗakin nan ya yi mini yawa."

"Na sani."

"Jiya na dafa shinkafa ta biyu. Na manta."

"Ka ba maƙwabta."

"Bana ne ƙarshen tambayata. In ranin nan ya wuce, ba zan ƙara cewa ki zo ba."

Ba barazana yake yi ba, Belmiro bai iya barazana ba. Gajiya ce kawai a muryarsa, irin wadda ke cikin gwiwata. Na fi jin tsoron wannan fiye da a ce zagina ya yi.

Za ka ce me ya hana in yi wa makaho ƙarya in huta? Osvaldo ya gwada bara. Ya hau dutsen da gudu yana haki, ya ce ya ga shuɗiyar da idonsa.

"To," in ji Baba. "Ta yi tsalle?"

"Tsalle kai! Har sau biyu."

"Hannuwanta fa?"

"Dogaye, kamar itacen kwakwa."

"Sauka ka ba ni wuri, ɗan banza. Wannan ba ta wasa. Ka ɗauki mai doro ka shafa mata shuni ka kawo mini."

Ashe duk surutun da Baba ya yi wa duniya a kan dabbar nan, akwai abubuwan da ya ɓoye bai taɓa faɗa wa kowa ba, ya ajiye su don kama maƙaryata. Ni ban san su ba, balle in shirya ƙaryar da za ta wuce.

Ranar da abin ya faru, rani ya kusa ƙarewa. Masu doro sun fara ja da baya. Da safe na hango uwa da ɗa can wajen arewa, Baba ya tura Osvaldo da baƙinsa, jirgin ya zagaya bayan duwatsu ya ɓace. Iska ta kwanta gaba ɗaya, teku ya yi luf kamar man ja a faranti. Kwalekwalen masunta uku ne kawai a ƙasanmu, ɗaya na Sum Gervasio, na gane shi da facin da ke jikin filafilansa. Baba ya ci ayabarsa da busasshen kifi, ya yi ƙorafin gishiri ya yi yawa, ya jingina da dutse yana gyangyaɗi, madubin hange a cinya. Ni ina murza gwiwa, ina tunanin ko Belmiro ya sayi labule.

Sai na ji ƙara. Kamar an buɗe bakin babbar tukunyar da ta daɗe tana tafasa, amma mai zurfi, har cikin ƙirjina na ji ta.

Na ɗaga kai. Feshin masu doro gajere ne, yana bajewa kamar kan bishiya. Wannan ya miƙe sama sak, siriri, ya fi itacen kwakwa tsawo, ya tsaya a iska kamar ba zai sauko ba. Ƙarƙashinsa ruwan ya canja launi, ya yi haske-haske, shuɗi mai kama da bangon cocinmu. Sai baya ya fito. Ya yi ta fitowa yana wucewa, yana wucewa, ina jiran ƙarshensa ƙarshen bai zo ba. Ba baƙi ba ne, toka-toka ne mai dabbare-dabbare. Sai da na fid da rai, sannan wata 'yar ƙaramar ƙaya ta ɓullo can kusa da wutsiya, abin dariya a jikin dabba irin wannan. Kwalekwalen Sum Gervasio a gefenta kamar ɓawon gyaɗa.

Ban yi ihu ba. Ban ma tuna da waya ba. Da na waiwaya, Baba na zaune a miƙe, bakinsa a buɗe, farin idonsa na kallon daidai wurin. Ya ji.

"Idalina."

"Na'am, Baba."

"Feshin."

"Ɗaya ne, a miƙe. Ya fi kwakwar gidan San Deolinda."

"Bayan fa?"

"Ba ya ƙarewa. Toka-toka, da tabo-tabo kamar tsohon bango."

Hannunsa ya lalubo nawa ya riƙe gam.

"Ƙayar bayanta babba ce?"

"Ƙarama ce, Baba. Can baya. Sai ka gaji da jira take fitowa."

Dabbar ta sake numfashi, ta sake, kowane karo yana jin ƙarar yana runtse ido. Daga nan ta lanƙwasa a hankali ta nutse, ba tsalle, ba ɗaga hannu, ba sallama. Ruwan ya rufe ya bar wani santsi mai faɗi a wurin. Muka jira, ba ta ƙara fitowa ba.

Baba ya saki hannuna. Can ya ce, "Tattara kwanukan."

Rana ba ta ko karkata ba muka sauko, abin da bai taɓa yi ba. Ni dai gwiwata ranar ba ta yi mini ciwo ba ko kaɗan. Ina riƙe da shi ina lissafin kaya a raina: tukunya babba za ta tafi, ƙaramar a bar wa matar Osvaldo, kaji a kai wa maƙwabciyarmu San Deolinda. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na yi murna saboda shi, amma na fi yi saboda kaina. Na so in kira Belmiro tun a hanya, sai na ce bari dai in ji daga bakin tsohon tukuna.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Da la'asar ina hura wuta na ji hayaniya a ƙofa. Masunta ne, sun fi goma, da jarkar bammi, mata da yara a bayansu. Osvaldo na ciki yana cizon yatsa don bai gani ba. Sum Gervasio ne a gaba, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Tun da nake ban taɓa ganin tsakiyar kan mutumin nan ba sai ranar.

Baba na zaune a kujerarsa a baranda. Sum Gervasio ya tsaya a gabansa yana murza hula.

"Anastasio," ya ce.

Rabon da wani ya kira shi da sunan nan tun mahaifiyarmu na da rai.

"Anastasio, na gan ta. Kusa da ni ta fito, har feshinta ya jiƙa ni, warinsa na nan a rigata in kana so ka shinshina. Wallahi na zaci ƙasa ce ta taso. Na saki igiya, na saki kifi, na kama kiran uwata da ta mutu." Aka yi 'yar dariya, shi bai yi ba. "Mun ci amanarka, ɗan'uwa. Tun muna samari muke maka dariya, ashe mu ne jakunan. Ga bammi, ka sha ka yafe. Gobe mu je coci ka sauke alkawarinka, ni zan riƙe maka hannu."

Na tsaya a bakin madafa da ludayi a hannu, idona ya cika. Na tuna mahaifiyata tana wucewa kasuwa da tiren kifi ana ce mata San Tsibiri tana yi kamar ba ta ji ba. Na ce yau dai ta huta a kabarinta.

Baba ya gyara zama. Ya juya fuskarsa wajen madafa, inda ya san nake, sannan ya mayar wajen Gervasio.

"Ba ita ba ce."

"Me ka ce?"

"Na ce ba ita ba ce. Ina kan dutse, na gani da idona. Mai doro ce babba, rana ta haske mata baya. Kai dai tsufa ya kama ka, Gervasio, ka ga gungume ka kama kiran uwarka."

"Anastasio, shekara nawa ina teku? Ban san mai doro ba?"

"Da ka sani da ba ka zo kana ɓata mini yamma ba. Tawa ta fi wannan nesa ba kusa ba. Ku kwashe bamminku."

Osvaldo ya matso. "Baba, don Allah, mutum shida ne suka—"

"Kai rufe mini baki, mai shuni."

Mutane suka kalli juna. Wani daga baya ya ce, "Kai, Sum Tsibiri sai Allah. An kawo masa tsibirin har gida ya ce a ƙaro." Aka fashe da dariya, irin ta da, har da jin daɗin an koma yadda aka saba. Sum Gervasio bai yi dariya ba. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya mayar da hularsa a hankali, ya juya. Jarkar ma ba su bar mana ba.

Da suka watse na ajiye ludayin na fito. Raina a ɓace yake.

"Ita ce, Baba."

Ya kawar da fuskarsa wajen teku.

"Ka san ita ce. Ka damƙe hannuna gam. Ka tambaye ni ƙaya na faɗa maka, ba ka ce mini mai shuni ba."

"Miyarki na ƙonewa."

"Ta ƙone. Mutumin nan ya cire hula a gabanka, ya kira ka da sunanka. Abin da ka kwashe rayuwarka kana jira ke nan, abin da Mama ta mutu ba ta gani ba. Ka sa ƙafa ka shure. Don me?"

Ya daɗe yana shafa hannun kujera. Da ya yi magana, ba da muryar kyaftin ya yi ba.

"A birnin, ina ne tagar ɗakin ke kallo?"

"Ban sani ba. Titi, ina ji."

"In na sauko, Idalina, ni wane ne? Makaho a ɗakin suruki, ana ba shi shinkafa. A can sama ina da waya, ina cewa a nufi arewa a nufa." Ya juyo da fuskarsa wajena. "Kuma kina gefena."

Na so in yi masa rashin kunya, kalmomin ma sun zo bakina. Na so in ce ni fa, ni wace ce, sandar makaho? Na so in ce akwai wani mutum a birni da ke dafa shinkafa ta biyu yana mantawa. Amma na dube shi, ɗan tsoho a cikin rigar da ta yi masa yawa, wanda ya zaɓi ya mutu ana ce masa maƙaryaci don kada a raba shi da dutse da 'yarsa, sai na ji duk ƙarfina ya zube. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, na rasa wanda zan fara da shi. Na koma madafa na sauke miyar da ta kama.

Washegari gwiwar ta dawo da tsiyarta, har da ƙari. Na gasa ayaba, na rage gishiri a kifin. Wayata ta yi ƙara tun kafin mu fita. Belmiro ne, ba lokacin kiransa ba ne, na san labari ya kai birni ta bakin direbobin motar kifi. Na tsaya ina kallon sunansa har ta katse. Ta sake yi, na sa ta a aljihun zane, ban ɗauka ba, don ban san da wane baki zan ce masa an gani amma ba a gani ba.

Muka bi ta gaban masu gyaran koma. "Sum Tsibiri, a gaida tsibiri," in ji wani. Baba ya ɗaga masa hannu kamar gwamna.

Muka kama hawa. A tsakiyar hanya akwai wani lanƙwasa inda ƙauye ke ɓacewa, ba mai ganinka daga ƙasa, ba mai jinka. Nan muke tsayawa kullum in huta da ƙafa. Na sauke kwanon, na zauna a kan saiwar bishiya. Baba ya tsaya riƙe da kafaɗata, fuskarsa wajen teku.

"Idalina."

"Na'am."

"Ba kowa a nan, ko?"

"Ba kowa."

Ya matse kafaɗar tawa. Hawaye na bin ramukan fuskarsa, bai share ba.

"Ki sake faɗa mini yadda take. A hankali. Ki fara daga numfashin."

Wayar ta sake motsi a aljihuna. Na ɗora hannu a kanta na danne, na soma ba shi labari.